Abin da Na Karanta Cikin Idda

Takardata ta WhatsApp ta iso, ranar wata Talata, ina tsaye a kicin ina yanka albasa. Layi biyu ce. Na karanta, na ɗora wayar a kan firji, na ƙarasa yankan albasar, don a lokacin ban san abin da mace take yi da hannuwanta idan an sake ta ba. Wata goma sha huɗu ke nan da ɗaurin aurenmu. Kafin magariba yayana ya zo da mota ya kwashe ni da akwati biyu. Malamai sun ce a ɗakinta ya kamata mace ta yi idda, kowa ya san haka, kowa kuma ya san yadda ake yi a garin nan.

Wanda bai taɓa zaman idda ba zai ɗauka baƙin ciki ne ya fi wahala a cikinta. Ni tsawon yini ne ya fi gallaba ta. Kwanakin farko ana shiga ana fita, a ce "sannu, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri", a sha ruwa, a saci kallon fuskata a ga ko na rame, a tafi. Bayan mako guda ƙafa ta ɗauke. Ya rage daga ni sai tsohon ɗakinmu na 'yanmata, wanda ƙannena suka riga suka mamaye, sai waya. Wayar kuwa ita ce babbar fitina, don ba na minti biyar ban duba ko yana kan layi ba. Kullum kuma yana kai.

A rana ta goma sha ɗaya Gwaggo ta zo. Yayar mahaifinmu ce, tsohuwar shugabar makarantar firamare, wadda ta yi kwalejin horon malamai ta kwana a shekarun 1970, lokacin da akwai sauran Turawa mata a cikin masu koyarwa. Kowa da abin da ya kawo mini, wani addu'a, wata kunun gyaɗa, wata labarin wadda aka saka sau uku ta auri kwamishina. Gwaggo kwalin madara ta kawo, an ɗaure shi da igiyar leda. Ta sa ƙanina ya dire shi a tsakar ɗaki, ta kwance, ta tona har ƙasa, ta zaro wani littafi da bangonsa ya rabu da jikinsa, an liƙe shi da salatif.

Ta ce, "Ungo, 'yar nan. Ki ajiye wayar nan ki karanta wannan. Babu abin da zai faru a cikinsa sai kin kusa gamawa. Daidai ke."

Sunan littafin A Civil Contract, na wata Baturiyar Ingila, Georgette Heyer, an fara buga shi a 1961. Ban taɓa jin sunanta ba, ko da yake Turanci na karanta a jami'a. Daga baya na fahimci dalili: irin marubutan nan ne da mata miliyoyi suke karantawa amma malamai ba sa sa su a manhaja. An haife ta a 1902, ta rasu a 1974, ta bar littattafai sama da hamsin. Na farkonsu, wanda ya fito a 1921, labari ne da ta fara ƙirƙira don ta ɗebe wa ƙaninta marar lafiya kewa. Amma abin da aka fi saninta da shi shi ne labaran soyayya da ta gina a kan wani ɗan yanki na tarihin Ingila, daga 1811 zuwa 1820, shekarun da Sarki George na uku ya samu taɓin hankali, ɗansa ya riƙe masa sarauta. Ta yi wa zamanin nan naci na ban mamaki. Tana tara bayanai a kan suturarsu, da kekunan dokinsu, da salon maganarsu, har da farashin kyandir. Duk wanda ya kalli Bridgerton a Netflix, jikokin aikin matar nan ya kalla, sai dai jikokin sun fi kakarsu rawar kai da rashin kunya.

Ga labarin a taƙaice. Adam Deveril hafsan soja ne da yake yaƙi da rundunar Napoleon. Mahaifinsa, wani basarake mai almubazzaranci, ya mutu ya bar masa sarauta da gidan gado mai suna Fontley, da uwa mai ƙorafi, da ƙanne mata, da bashin da ya yi katutu. Akwai yarinyar da yake so kamar ransa, Julia, kyakkyawa ta ƙin ƙarawa, ita ma tana son sa. Ba shi da halin aurenta. Mahaifin Juliyar da kansa ne ya haɗa shi da wani hamshaƙin ɗan kasuwa, Jonathan Chawleigh, mai kuɗi kamar ya kashe su da magani, marar asali a idon masu sarauta, wanda burinsa a duniya 'yarsa tilo ta shiga gidan sarauta. 'Yar, Jenny, gajera ce mai jiki, ba ta da kyan da za a waiga, ba ta iya zance ba, kuma ubanta yana lafta mata gwala-gwalai har ta koma abin dariya. Aka yi ciniki, kuɗi a ba da, suna a karɓa, aka ɗaura aure.

Na yi shafi ɗari ina jin haushi. Ina jira a yi wani abu. A yi faɗa, ko a yi yaji, ko Julia ta shiga malamai. Shiru. Sai shan shayi, da ziyara, da maganar magudanar ruwa a gona.

Dole in faɗi irin karatun da na taso da shi, don a gane haushin nawa. Tun ina aji biyu na sakandare nake karɓar hayar littattafan soyayya a wani shago na bakin layinmu, in ɓoye su cikin littafin lissafi. Daga baya suka dawo cikin waya, ana turo su shafi-shafi, muna roƙon marubuciya ta ƙara. Ban raina su ba, su suka koya mini son karatu, kuma akwai gwanaye a cikin masu rubuta su. Amma yawancinsu gini ɗaya ne: a shafi na biyar ya gan ta, numfashinsa ya ɗauke, ya kasa barci. So ya riga ya cika tun daga nan. Sauran littafin duka jiran a ba shi hanya ne, a kawar da uba mai taurin kai, ko talauci, ko kishiya, ko boka. Katangar a waje take.

A littafin Gwaggo babu wanda ya hana kowa komai. An riga an yi auren, suna gida ɗaya, suna cin abinci a tebur ɗaya. Katangar tana cikin idon mutumin: bai ga matar da ke gabansa ba. Yana mata ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ladabin da ya fi zagi ciwo. Abin da mai karatu yake jira shi ne ranar da zai ɗago kai. Ban san lokacin da na daina jin haushi na fara ƙirga alamomi ba. Jenny ta lura da irin biskit ɗin da yake so, ta sa ana ajiye masa ba tare da ta ce komai ba. Ta lura ba ya son a dame shi da sannu a kan raunin da ya samo a yaƙi, ta daina. Ranar da Julia ta gan shi a taro ta faɗi sumammiya, gari ya ɗauki tsegumi, Jenny ce ta jawo ta jiki, ta riƙa fita da ita a bainar jama'a har bakin mutane ya mutu. Can a tsakiyar littafin ne na gane abin da shi bai gane ba: yarinyar nan ta daɗe tana son sa, tun yana zuwa wurin ƙawarta Julia ba ya ko tuna an gabatar masa da ita. Na rufe littafin na kifa shi a ƙirji. Da na duba agogo, na yi awa huɗu ban taɓa waya ba.

Turawa sun raɗa wa irin wannan labari suna da ke nufin wutar da ke ci a hankali. Mu ma mun san bambancin wutar kara da garwashin kirya. Na yi ta tunanin me ya sa masu rubuta shi suke yawan komawa zamanin da. Amsa ta farko mai sauƙi ce: a zamanin akwai shinge ko'ina. Budurwa 'yar gidan mutunci ba ta keɓewa da namiji sai da 'yar rakiya. Ba ta rubuta masa wasiƙa in ba an yi musu baiko ba. In ya yi rawa da ita fiye da sau biyu a dare ɗaya, gari ya ɗauka. Ko sunan yanka ba a kira sai an yi nisa, har akwai matan aure da suke kiran mazajensu da sunan gidansu har tsufa. Wannan bai zame mini baƙo ba ko kaɗan, ni da kakata ta mutu ba ta taɓa furta sunan kakana ba. Inda aka hana baki magana, sai komai ya koma magana: wa ya miƙa wa wa kujera, wa ya kau da kai, wa ya yi shiru a inda ya kamata ya yi dariya. Marubucin da ya sa labarinsa a yau sai ya wahala kafin ya samo dalilin da zai hana mutum biyu masu waya su gama komai cikin dare uku.

Amsa ta biyu ta fi nauyi, ita ce kuma ta hana ni barci. A Ingila ta wancan lokaci, ranar da mace ta yi aure dukiyarta ta koma hannun miji, in ba iyayenta sun ɗaure ta da yarjejeniya tun kafin biki ba. Sai a 1870 da 1882 aka yi dokokin da suka ba matar aure ikon mallakar abinta. Saki kuwa, kafin 1857, sai majalisar dokokin ƙasa ta zauna ta yi doka ta musamman a kan aurenku, abin da sai mai hannu da shuni. A duk tsawon zamanin da ake wannan tsari, mata huɗu kacal suka samu rabuwa ta wannan hanya. Wato macen da ta yi kuskuren zaɓe ta yi shi ke nan har kabari. Jan ƙafar da suke yi a littattafan nan ba yanga ba ce. Mai shiga ɗakin da ba shi da ƙofar fita dole ta daɗe a bakin ƙofa tana leƙe.

Mu addini ya bar mana dukiyarmu, ya bar ƙofar fita a buɗe, alhamdu lillahi. Sai dai na zauna a kan katifar ƙanwata ina lissafi. A wurin bikin wata ƙawata muka haɗu. Kwana tara ya ce ba zai iya rayuwa ba ni ba. Kullum sai mun raba dare a waya, har na haddace numfashinsa. Wata huɗu aka kawo lefe, akwati goma sha biyu, aka yi hotuna, aka yi dina, ƙawayena suna cewa na tako sa'a. Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Bai yi mini ƙarya ba, ina jin da gaske yake a lokacin, mutum ne mai son farkon abu. Ni kuma kalmomin nake so. Na sha su a littafi shekara goma sha biyar, da na ji su daga bakin mutum mai rai sai na ɗauka labarin ya cika. A wata huɗun nan ban taɓa ganin sa cikin fushi ba, ko cikin rashin kuɗi, ko cikin zazzaɓi. Sau ɗaya ya daka wa wani almajiri tsawa a bakin motarsa, irin tsawar da ta sa yaron ya saki robarsa. Na gani. Sai ya juyo ya ce mini wani abu mai daɗi, na bar abin da na gani na kama abin da na ji.

A ƙasan kwalin akwai Persuasion na Jane Austen, shi na karanta na biyu. Ita Austen ba tarihi ta rubuta ba, zamaninta ta rubuta, Heyer ce ta zo bayan shekara ɗari da wani abu ta mayar da zamanin gidan zama. Littafin ya fito a ƙarshen 1817, watanni kaɗan bayan rasuwarta. Anne Elliot tana da shekara 19 aka lallashe ta ta rabu da saurayinta don ba shi da komai. Bayan shekara takwas ya dawo, kyaftin na jirgin ruwan yaƙi, da kuɗinsa da fushinsa, ba ya ko son haɗa ido da ita. Wurin da ya tsaya mini bai kai rabin shafi ba. Tana durƙushe tana jinyar ɗan ƙanwarta, ƙaramin ya ɗare bayanta ya shaƙe mata wuya, ta yi ta fama ya ƙi sauka. Sai kawai ta ji an ɗauke yaron. Shi ne, bai ce uffan ba, bai tsaya a gode masa ba. Na karanta wurin ya fi sau biyar. Da na ga shekarar sai na tuna a 1817 ɗin ne Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato, Nana Asma'u tana matashiya. Mu ma muna da zamanin da mai shinge da alkunya da zance a zaure da ɗan rakiya, da fatake masu tafiyar shekara kafin su dawo. Har yanzu ina jiran wadda za ta zauna ta yi masa irin nacin da Heyer ta yi wa nata.

Ba zan ce littattafan nan ba su da aibi ba. Talaka a cikinsu mai buɗe ƙofa ne da riƙe linzami. Ba a tambayar inda dukiyar ta fito, alhali a shekarun nan akwai bayi a gonakin rake na Ingila a tsibiran Karebiyan, sai a 1833 aka yi dokar 'yanta su. Heyer kanta tana da raina wanda ba ɗan asali ba, kuma a The Grand Sophy ta zana wani Bayahude mai ba da bashi da siffar da ta sa na ji kunya a madadinta. Jinkirin ma ba layar tsari ba ne. Ina da ƙawar da aka yi shekara bakwai ana zuwa zance wurinta, a ƙarshe a Facebook ta ga hoton ɗaurin aurensa.

Amma babban ƙorafina a kan Jenny ne, kuma shi na tara wa Gwaggo. Ƙarshen littafin ba irin wanda na saba ba ne. A Yunin 1815 jita-jita ta cika Landan cewa Napoleon ya ci yaƙi, masu kuɗi suna ta sayar da takardun lamunin gwamnati, surukinsa ya kira shi ya ce ya sayar da nasa. Adam, da yake ya yi yaƙi a ƙarƙashin Wellington ya san shi, sai ya ci bashi ya ƙara saye. Labarin nasarar Waterloo ya iso, ya samu abin da zai tsaya da ƙafarsa ba da kuɗin suruki ba. Ya koma gida a gajiye, ya tarar Julia da damuwar kanta kawai ta dame ta, Jenny kuwa ta san bai ci abinci ba. Ya gane da wa yake son ya zauna ya ba labari. Ya gaya mata yana son ta, da gaske kuma yake. Amma ita da mai karatu duk sun san ba irin son da ya yi wa Julia ba ne, ba kuma zai taɓa zama irinsa ba. A haka aka rufe.

Da Gwaggo ta dawo, saura mako biyu in gama, na ce, "Gwaggo, wannan ai ba littafin soyayya ba ne. Wa'azin haƙuri ne aka sa masa rigar Turawa. Ita ta yi ta bauta, shi ya yi ta mafarkin wata, a ƙarshe a ba ta ragowa a ce ta gode. Abin da aka yi ta gaya mini ke nan wata goma sha huɗu, ki yi haƙuri, ki yi haƙuri."

Ta gyara gilashinta. Ta ce, "To me ya sa kika karanta shi sau biyu? Ummanku ta gaya mini."

Na yi shiru.

Ta ce, "Haƙuri ai kowace mace a layin nan tana yin sa, ba a rubuta littafi a kai. Abin da ya sa kike juya shafi, kina so ki ga ko zai gani. Shi ke nan abin da ke ciki. A littafi yana gani."

Sai a lokacin na lura shafukan ƙarshe sun fi sauran laushi da duhu, gefensu ya lanƙwashe saboda yawan taɓawa. Mijin Gwaggo, da muke kira Baba Malam, ya rasu shekara shida da suka wuce. Ba ita ta zaɓe shi ba, tana gama kwaleji aka ba shi. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida, marar hayaniya, irin wanda zai shigo gida ya yi sallama ya wuce ɗakinsa da rediyonsa. Shekara talatin da takwas suka yi. Ban taɓa tunanin aurensu a matsayin labari ba, kamar yadda ba ka tunanin katangar gidanku.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Shi Baba Malam ya gani?"

Ta daɗe tana kallon tabarma har na yi nadamar tambayar. Sannan ta ce a ciwonsa na ajali, da aka kwantar da shi a asibiti, ita ma ƙafa ta hana ta zuwa kwana biyu, sai 'ya'ya suka riƙa kai masa shayi a filas. Ya kurɓa ya ture. Aka canza madara, aka ƙara sukari, ya ture. Da aka matsa masa sai ya ce, ba irin nata ba ne, nata akwai wani abu a ciki. Kanumfari ne guda biyu, tun satin farko na aurensu take jefawa, don ta lura yana yawan taɓa haƙorinsa. Bai taɓa tambaya ba, ba ta taɓa faɗa ba. Babbar 'yarta ce ta kawo mata maganar a gida, tana dariya, ba ta san abin da ta ɗauko ba.

Na ce, "Ya ishe ki, Gwaggo?"

Ta ce, "Ranar ya ishe ni. Na rarrafa na dafa na ba su suka kai masa, ya shanye. Washegari kuma na tashi da haushi. Shekara talatin da takwas, sai da ya ga babu."

Ta miƙa hannu na tayar da ita. Na ɗauko littafin zan mayar cikin kwali, ta ce in bar wancan kwalin duka a wurina, amma wannan ɗayan in ba ta abinta. Ta sa shi cikin jaka tare da carbinta da maganin hawan jini, ta leƙa tsakar gida ta ce wa ƙanina ya je ya tsayar mata da Keke Napep.